Hatimin Gida Tara da Fuskokinsa Takwas

Garin Lau yana bisa gaɓar kudu ta kogin Binuwai, cikin ƙasar Muri, arewa da Jalingo inda Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa mazauninsa a 1893, kuma tun zamanin da jiragen ruwan kamfanonin Turawa suke hauro kogin da damina, su sauke gishiri da tufafi su ɗauki gyaɗa, ya zama matattarar mutane iri-iri, masunta da masu fito, Fulani da shanunsu, Mumuye da doyarsu, da fatake Hausawa da Barebari. Duk kuwa inda fatake suka ya da zango, ba a daɗewa sai ka tarad da malami ya shimfiɗa buzunsa a wani zaure, alluna jingine da bango, kurtun tawada a gabansa. A irin wannan zaure ne na zauna wata rana da hantsi, ina ɗan saurayi, ina fuskantar wani dattijon malami yana zana hatimi a allo saboda wani mai fito da ya zo neman taimako. Ya ja layi huɗu a tsaye, huɗu a kwance, gida tara suka fita, sa'an nan ya shiga zuba haruffa ba bisa jerin da ido ke tsammani ba, alƙalaminsa yana tsalle daga wannan gefe zuwa waccan kusurwa. Da yake ni ina gabansa ne, allon a juye yake gare ni, abin da yake sama a wurinsa shi ne ƙasa a wurina, amma da na mai da haruffan adadi na tara su yadda suka zo mini, sai na ga kowane layi sha biyar yake bayarwa. Na ce, "Allah ya gafarta malam, ashe ta nan ma daidai yake fita." Bai ɗaga kai ba, ya ce, "Adadi ne ya fita, ɗana, hatimi bai fita ba."

Wannan hatimi, wanda Larabawa ke kira wafaƙi musallasi, malamanmu kuma suka fi saninsa da hatimin Gazali, shi ne mafi ƙanƙanta cikin hatimai kuma uwarsu duka. A layin sama, daga dama zuwa hagu, ana sa 2 da 9 da 4, a na tsakiya 7 da 5 da 3, a na ƙasa 6 da 1 da 8, wanda da haruffa shi ne baɗad, zahaj, wah. Ko ta tsaye ka tara, ko ta kwance, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu, jimlar gidajen duka kuwa 45 ce. Malamai sun daɗe da lura da cewa 45 ita ce adadin sunan Adamu a hisabin abajada, alif da dal da mim, 15 kuwa adadin sunan Hauwa'u, har ma haruffansa uku su ne ke kwance a layin ƙasa. Haruffa huɗu na kusurwoyi, masu adadin 2 da 4 da 6 da 8, su ne suka haɗu suka ba da kalmar buduhu, wadda a da ake rubutawa a bayan wasiƙa domin ta isa lafiya. Sinawa sun san wannan murabba'i tun zamani mai nisa, hikayarsu tana cewa a bayan wani kunkuru aka gan shi a kogin Lo. A ƙasashen Musulmi kuwa ya bayyana cikin risalolin Ihwanus Safa na Basra a ƙarni na 10, Abul Wafa'i al-Buzjani wanda ya rasu a Bagadaza wajen 998 ya yi rubutu a kan hatimai a matsayin lissafi tsantsa, Imam Gazali wanda ya rasu a 1111 ya ambace shi cikin al-Munƙizu minad Dalal a matsayin misalin abin da mutane suka jarraba ga mace mai doguwar naƙuda alhali hankali bai gano dalilinsa ba, daga nan sunansa ya liƙe masa. Sa'an nan littattafan da ake jingina wa Ahmad al-Buni, musamman Shamsul Ma'arif, suka ɗaura hatimai da sunayen Allah da sa'o'in taurari, suka ba su siffar da ta ƙetaro hamada ta iso gare mu. Ibn Haldun ya yi wa wannan fanni dogon bayani cikin Muƙaddima, bai kuwa ɓoye tuhumar da yake yi masa ba, kuma har yau malamanmu ba su daina jayayya a kan halaccinsa ba. Wannan jayayya ta masu fiƙihu ce. Ni abin da ya kai ni shi ne lissafin da ke ƙarƙashinta.

Babban malamin wannan fanni a ƙasarmu, wanda sunansa ya kai Masar ya shiga littafin tarihi, shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina, wanda ya tashi a zamanin da birnin yake cike da malamai da fataken hamada, bayan zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Ya yi karatu a wurin shaihunai na ƙasar Sudan ta tsakiya, cikinsu har da Muhammadu al-Wali na Bagarmi da Shehu Muhammadu Bindu, wanda a wurinsa ya karɓi ilmin hatimai da hisabi, sa'an nan ya nufi gabas ya yi aikin hajji a 1142 ta Hijira, wato 1730, ya zauna a Hijaz na wani lokaci, daga bisani ya sauka Alƙahira. Cikin waɗannan shekaru ya wallafa Bahjatul Afaƙ a kan ilmin haruffa da hatimai, a 1145 ta Hijira, wajen 1732, da ad-Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari, bayan abin da ya rubuta a nahawu da manɗiƙi. A Alƙahira ya samu masauki a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, malamin Azhar masanin falaki, a gidan nan kuma ajali ya same shi a 1154, wato 1741, bayan ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Abin da ya tsare mana labarinsa shi ne ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, marubucin tarihin Masar, wanda ba a haife shi ba sai bayan rasuwar baƙon da shekara goma sha wani abu. Ya tashi cikin gidan da littattafan Bakatsinen suke, ya ji labarinsa daga bakin mahaifinsa, ya sa shi cikin Aja'ibul Asar tare da manyan malaman zamanin. Da baƙon ya sauka a wani gida daban, wataƙila da yanzu ba mu san ko sunayen malamansa ba.

Bahjatul Afaƙ ya yi bayanin hanyoyin cika hatimai masu gefe mara, wato na gida uku-uku da biyar-biyar da bakwai-bakwai, inda adadin gidan tsakiya in aka riɓanya shi da tsawon gefe yake ba da jimlar layi: 5 sau 3 shi ne 15, 13 sau 5 shi ne 65, 25 sau 7 shi ne 175. Ma'abota fannin suna aron sunayen tafiya daga wasan shaɗaranji, shi ya sa alƙalamin malamin Lau yake tsalle, domin daga 1 zuwa 2 tsallen doki ne, daga 2 zuwa 3 ma haka, sa'an nan taku ɗaya zuwa 4, a gangara ta tsakiya zuwa 6, taku ɗaya zuwa 7, a rufe da tsallen doki biyu. A manyan hatimai kuwa, idan tafiya ta fitar da kai ta gefen dama sai ka shigo ta hagu, idan ta fitar da kai ta sama ka ɓullo ta ƙasa, kamar an naɗe allon an haɗa bakinsa da bakinsa, ta yadda gida na shida a hatimin biyar-biyar shi ne dai gida na farko.

Wannan ɗabi'a ta ɗaukar abubuwa biyu mabambanta a matsayin abu ɗaya ba baƙuwa ba ce ga almajirin hisabi. Yakan haddace haruffa cikin kalmomi tara, aiƙash, bakar, jalas har zuwa ƙarshensu, inda kalmar farko ta tara alif mai 1 da ya mai 10 da ƙaf mai 100 da shin mai 1000, ta biyu ta tara 2 da 20 da 200, kuma a wani aikin duk haruffan kalma ɗaya hukuncinsu ɗaya ne. Dalili kuwa shi ne, in ka yi ta zubar da tara-tara daga 10 ko 100 ko 1000, saura 1 ne a kowanne. Haka yake zubar da sha biyu-sha biyu daga adadin suna domin ya fitar da buruji, ko huɗu-huɗu domin ya fitar da ɗabi'a, wato wuta ko ƙasa ko iska ko ruwa. Gauss na Jamus ya tsara wannan a littafinsa na 1801, malaman lissafi na baya kuma suka ba irinsa suna na gaba ɗaya, wanda za mu iya kira alaƙar daidaito, suka gindaya mata sharuɗɗa uku waɗanda ɗalibin manɗiƙi ba zai yi musunsu ba: kowane abu daidai yake da kansa, in wannan daidai yake da wancan to wancan ma daidai yake da wannan, kuma daidai da daidai daidai ne. Duk inda sharuɗɗan suka cika, abubuwa sukan rabu aji-aji, ba mai shiga aji biyu, ba kuma wanda ya rasa aji.

To, hatimin gida tara fuska nawa gare shi? Adadin 5 ba ya barin tsakiya, adadin 1 kuwa, wanda malamai ke kira miftahi, ba ya zama a kusurwa, sai a tsakiyar ɗayan gefuna huɗu, kuma a kowane gefe ana iya karkata 2 dama ko hagu. Huɗu sau biyu takwas, babu ta tara. Masu fannin sun raba mazaunan miftahi huɗu ga ɗabi'o'i huɗu, wuta da ƙasa da iska da ruwa, kowace da buƙatar da ake nufinta da ita, wannan ne ma'anar maganar malamin Lau: abin da na karanta daga inda nake zaune hatimin wata ɗabi'a ne daban. Malamin lissafi kuwa zai ce hatimi ɗaya ne tak, sauran bakwai juyinsa ne. Da wannan ma'auni Frénicle na Faransa ya ƙidaya hatiman gida sha shida ya sami 880, aka buga a 1693 bayan rasuwarsa, wanda a ƙidayar malamin zaure 7,040 ne. Na gida ashirin da biyar kuwa sai a 1973 aka ƙidaya su da kwamfuta, aka sami 275,305,224 bisa ma'aunin malamin lissafi.

Daga nan hanya ta rabu. Ma'abota hatimi sun zuba ido ga fuskokin, malaman aljabara na Turai kuwa, tun daga Galois wanda aka kashe a Faris a 1832 yana ɗan shekara ashirin, zuwa Cayley na Ingila a 1854, sun zuba ido ga juyin kansa. Juyin allo murabba'i takwas ne: a bar shi yadda yake, a juya shi rubu'i, ko rabi, ko rubu'i uku, ko a kifa shi ta ɗayan hanyoyi huɗu, kamar yadda rubutu yake fita in ka danna takarda a kan ɗanyar tawada. Kowane juyi biyu in aka bi da su a jere suna ba da ɗaya daga cikin takwas ɗin, kowanne kuma yana da mai warware shi. Tarin da ya cika waɗannan sharuɗɗa shi suka kira rukuni. Abin mamakin wannan rukuni shi ne tartibi yana da hukunci a cikinsa, domin in ka juya allo rubu'i sa'an nan ka kifa shi, ba za ka sami abin da za ka samu in ka fara kifawa sa'an nan ka juya ba, kuma saɓanin da taƙdimi da ta'ahiri suka haifar ba wani abu ba ne illa juyin rabi, wato daidai bambancin da ke tsakanin mazaunina da na malam. Shi juyin rabin kuwa ba ruwansa da tartibi, ko a gaba ka sa shi ko a baya sakamako ɗaya ne, saboda haka ake cewa yana cibiyar rukunin. Idan muka kau da kai daga gare shi, muka ce mai zama gaba da mai zama baya abu ɗaya suke gani, sai juyi takwas su koma aji huɗu, biyu-biyu, su zama ƙaramin rukuni mai lumana wanda ake jingina wa Felix Klein, inda tartibi ba ya canja kome kuma kowane juyi in aka maimaita shi yana komawa mafari.

Issai Schur, malami a Berlin, shi ya juya tambayar a 1904, shekara ɗaya bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Maimakon a fara da babba a gangaro zuwa ƙarami, sai ya ce a ba shi ƙaramin, ya nemi mafi girman rukunin da za a lulluɓe shi da shi, bisa sharaɗin cewa abin da aka ƙara ya kasance a cibiya, kuma ya kasance daga saɓanin taƙdimi da ta'ahiri aka same shi. Ya tabbatar da cewa kowane rukuni mai iyaka yana da irin wannan rukunin lulluɓi, kuma girman ƙarin ƙayyadadde ne. Rukunin juyin allo shi ne lulluɓin rukunin Klein. Sai dai ba shi kaɗai ba ne, a nan kuma mas'alar ta yi daɗi. Akwai wani rukuni mai takwas da ya fito daga adadin da Hamilton ya gano a Dublin ranar 16 ga Oktoba 1843, yana tafiya a bakin ruwa, har ya kasa haƙuri ya karce ƙa'idarsu a jikin dutsen gada. Shi ma yana lulluɓe rukunin Klein lulluɓi cikakke, alhali ba ɗaya suke da na allo ba, domin a na allo akwai juyi biyar da suke warware kansu in aka maimaita su, juyin rabi da kifawa huɗu, a na Hamilton kuwa guda ɗaya ne tak. Riga biyu ke nan, ɗinkinsu daban, kowace ta zauna wa mutum ɗaya daram.

Wanda ya faɗi inda suka yi tarayya shi ne Philip Hall na Kambirij, cikin maƙalolin da ya gabatar a wani taro a Göttingen a 1939, aka buga su a Berlin a 1940 ana tsakiyar yaƙi tsakanin ƙasarsa da Jamus, a lokacin da gwamnatin Hitler ta riga ta raba Schur da kujerarsa saboda shi Bayahude ne, har ya yi ƙaura ya rasu a Tel Abib a 1941. Hall ya kawo wata alaƙar daidaito mai sassauci, wadda sunanta da Girkanci yake nufin karkata iri ɗaya: rukuni biyu dangi ɗaya ne idan, bayan an kau da kai daga cibiyarsu, abin da ya rage iri ɗaya ne, kuma saɓanin tartibi yana faɗowa a cikinsu ta hanya ɗaya. Da wannan ma'auni rukunin allo da na Hamilton 'yan gida ɗaya ne, an kuma tabbatar da cewa duk lulluɓan kowane rukuni mai iyaka haka suke. Akwai kuma ma'auni na uku, wanda Birkhoff a 1935 da Bernhard Neumann a 1937 suka share wa fage, Hanna Neumann ta tattara shi cikin littafinta na 1967, shi ne a tara duk rukunan da suke bin wasu ƙa'idodi a kira su jinsi ɗaya, kamar jinsin waɗanda tartibi ba ya canja musu sakamako, ko na waɗanda kowane juyi in aka yi shi sau huɗu yake komawa mafari. Rukunin allo da na Hamilton kuwa babu wata ƙa'ida irin wannan da ɗayansu yake bi ɗayan ya saɓa. Hall ya hango cewa ma'auninsa an auna shi ne da jinsin farko, kuma ana iya sauya jinsin a sake gina kome. Waɗanda suka bi wannan hanya daga baya, cikinsu har da malaman Jami'ar Firdausi ta Mashhad a Iran, sun gano cewa a wasu jinsunan ba kowane rukuni ne yake samun lulluɓi ba. Mashhad kuwa tana dab da kufan Ɗus, garin da aka haifi Imam Gazali aka kuma binne shi.

Na sha ganin masu kishin ƙasa suna rubuta cewa Bakatsine ya riga Galois gano ilmin rukuni da shekara ɗari cif, tun da 1732 da 1832 sun yi daidai. Ban yarda da wannan ba, kuma ina ganin rage masa daraja ne a yaba masa da abin da bai nufa ba. Shi da malaman fanninsa sun san juyi da kifawa ba su ɓata adadi, sun yi aiki da su, amma ba su mai da juyin kansa abin bincike ba, domin buƙatarsu tana cikin bambancin fuskokin nan ne, wanda malamin aljabara yake zubarwa tun a matakin farko. Cewa abu biyu ɗaya ne hukunci ne da ke rataye ga abin da mai hukuncin ya zaɓi ya kau da kai daga gare shi, kuma da Hall da malamin zauren Lau kowannensu ya san abin da ya zubar da abin da ya riƙe. Abin da ya fi damuna shi ne yaro a Jalingo ko Katsina zai iya gama jami'a ya karanta rukunin juyin murabba'i cikin littafin Turanci, bai taɓa jin sunan Bahjatul Afaƙ ba, alhali kwafinsa na rubutun hannu yana ajiye a London, kuma tun 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi rubutu a kan marubucinsa a mujallar cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci ta Ibadan, Claudia Zaslavsky ta Amurka kuma ta sa shi cikin littafinta na 1973 a kan lissafin Afirka; almajirin zaure kuwa ya haddace aiƙash da tsallen doki, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa lissafi yake yi.

Ranar nan a Lau ban san ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba. Da malam ya cika gida na tara, wanda suke kira miglaƙi, sai ya ce in taso in zagayo gefensa, ya matsa mini a bakin buzu, ya ɗora kan alƙalami a gidan alif ya bi da ni tsallen daga farko har ƙarshe sau biyu, ya sa na maimaita da yatsa. Sa'an nan ya jira tawadar ta sha iska, ya karkata allon bisa ƙwarya ya wanke shi, ya miƙa wa mai fiton ruwan rubutun. Mutumin ya sha, ya shafa sauran a fuska, ya ajiye sadakarsa a gefen buzu, ya ɗauki filafilinsa da ya jingine a ƙofar zaure ya gangara bakin kogi.